Jinjirin Watan da Na Ce Ban Gani Ba

Mijina maɗinki ne a Ƙofar Durbi, ɗinkin hannu irin na manyan riguna. Amma mutanen unguwarmu na wancan lokaci da duban wata suka fi saninsa. Shekara kusan talatin, duk ranar ashirin da tara ga wata, kafin a kira magariba yana kan soronmu. In ya sauko ya ce ya gani, liman ba ya ja da shi, sai dai a nemi mutum na biyu don a cika shaida. Ni ban yi karatu ba, ko na allo ban yi nisa ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni.

Daga ruga aka kawo ni gidansa. Shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da sunana ba, sai 'yar Fulani. Yakan ce idona na iya rarrabe saniyar ubana da ta wani tun tana bayan dutse. Ni kuwa Malam nake ce mashi.

Abin ya faru ne shekarar da soja suka miƙa mulki karon farko, shekarar da mu mata muka fita muka yi layi muka dangwala ƙuri'a. Tun kafin wannan shekara yanar ido ta fara rufe mashi gani. Da farko zare ne ya daina shiga allura sai na zura mashi. Daga baya ya fara soke yatsansa. Bai gaya wa kowa ba, ni ma ya hana ni faɗa.

Ranar duban watan azumi na shekarar, damina ce, gari da 'yan gizagizai. Ya hau soro, ya sauko yana sauri har yana tuntuɓe, ya nufi masallaci ya ce ya gani. Akwai mutane da yawa da suka tsaya a kan ganuwa suna dubawa, masu lafiyar ido, babu wanda ya ga komai. Liman mutumin kirki ne, ya ce mashi a hankali, "Malam, a bari mu ji daga wasu wurare." Amma wani mahauci da ke bayan sahu ya ɗaga murya ya ce, "Halan zaren ɗinki ne ya maƙale maka a ido, Malam? Kai da ranar zaɓe sai da aka kama maka yatsa!" Aka yi dariya. Ba a ji labarin wata daga ko'ina ba, aka cika talatin. Washegari jinjirin ya fito siriri kamar gashin gira, kowa ya san na daren farko ne.

Daga ranar Malam ya daina zama a zaure. Sallar jam'i ma sai ta asuba, lokacin da ba a gane fuska. Azumi ya wuce yana shan ruwa da kunu kurɓi uku ya ture kwanon. Na yi mashi fura da nonon da ƙanena ya kawo daga ruga, na yi dambu, na yi duk abin da na san yana so. Sai ya ce, "'Yar Fulani, mutumin da aka mayar wa da maganarsa a ƙofar masallaci, mi zai yi da dambu?" Na ga mutum yana narkewa a gabana kamar man shanu a rana, ba ni da abin da zan tare shi da shi.

Bayan ƙaramar salla da kamar wata guda, wani maƙwabcinmu, masinja a makarantar sakandare ta maza, ya zo da wani Ba'indiye malamin makarantar. Aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, yana son babbar riga ta ɗinkin hannu ya tafi da ita. Malam ya ce ya bar ɗinki. Amma cikin hira masinjan ya ce ai wannan baƙo shi ma mai duban sama ne, yana da na'urar hangen nesa har biyu, da su yake nuna wa ɗalibai wata da taurari, kuma ba zai iya ɗaukar duka biyun a jirgi ba. Ina bayan ƙofa ina ji. Na ji muryar Malam ta canza. Rabon da in ji ya yi tambaya biyu a jere tun kafin azumi.

Akwai riga ɗaya a cikin akwatin Malam, mai ɗinkin aska takwas, ta ƙarshe da ya gama da idonsa, ya ajiye wa kansa. Aka shirya a kan baƙon ya ɗauki rigar, Malam ya zaɓi ɗaya daga cikin na'urorin.

Da daren ya ce mani, "Ke za ki raka ni."

Na ce, "Ni, Malam? Gidan baƙon namiji?"

Ya ce, "Kin fita kin zaɓi shugaban ƙasa, sai bututu ne zai gagare ki? Ba ni son namijin unguwar nan ya ga ina laluben abu. Idonki nake son aro."

Muka tafi bayan la'asar, ni da lulluɓi ina riƙe da bakin hannun rigarsa yadda ba za a gane jan shi nake ba. Gidan malamin yana cikin makaranta, bayan gari. Matarsa ta ba mu shayi mai kayan yaji. Da rana ta faɗi muka yi salla a barandarsu, Ba'indiyen ya fito da na'urorin biyu ya kafa su a fili. Wata ya kwana bakwai ko takwas, rabinsa yana tsakiyar sama.

Ɗaya gajeriya ce mai kauri, bakinta a buɗe, sai na ce a raina turmi. Ɗayar doguwa siririya, fara, a kan ƙafafu uku na katako, da gilashi a bakinta, na ce wannan taɓarya ce. Malamin yana jin Hausa kaɗan kaɗan. Ya dafa mai kaurin ya ce, "Baba, wannan babba, haske da yawa. Ido ba lafiya, wannan ya fi." Ya bayyana cewa ita tana tara haske fiye da siririyar, amma tana son gyara kullum, in ta bugu sai an daidaita cikinta, kuma ƙura na shiga tunda baki a buɗe yake. Siririyar kuwa a rufe take gaba da baya, ba ta son komai sai a goge gilashin da tsumma mai laushi, kuma abin da take nunawa tsaf yake, sai dai haskenta bai kai na waccan ba.

Ni zuciyata ta tafi ga turmin nan take. Haske muke nema. Na sa ido a gefenta inda ya nuna mani, na ga wata da ramuka da tuddai kamar ƙasar fadama da shanu suka tattake, har sai da na ja da baya na yi salati. Malam ya sa nasa idon ya daɗe. Ya ce yana ganin fari, kamar nono a ƙwarya. Sannan ya ɗago ya ce, "Tsaya. Mi ya sa wata na can sama, ni kau ina kallon gefe?"

Ya sa hannu yana shafa jikin abin har ya kai bakin. Ya ce, "'Yar Fulani, leƙa nan ki gaya mani abin da ke ciki."

Na leƙa. Can ƙasa na ga fuskata, ƙatuwa, hanci kamar na raƙumi. Na ce, "Madubi ne, Malam."

Ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Ya ce malaminsa ya karantar da shi cewa wanda ya ga abu a cikin ruwa ko a cikin madubi, hotonsa ya gani, ba shi ya gani ba. Yaya zai tsaya gaban liman ya ce na ga wata da idona, alhali bayansa ya juya wa wata yana kallon madubi kamar amarya? Ba'indiyen ya yi ta ƙoƙarin ganar da shi cewa hasken ɗaya ne. Malam ya ce, "Waccan fa?" Aka ce waccan gilashi ne a gaba, haske na ratsa shi ya zo ido, kamar tabarau. Ya ce, "Tau, tabarau halal ne. Liman ma na sa shi."

Na duba ta siririyar. Watan ya fi ƙanƙanta amma bakinsa kamar an yanka da aska. Malam ya duba, ya ce fari ne shi ma, amma ya fi dushewa. Ya juyo wajena ya ce, "Ke ce mai ido. Wace za mu ɗauka?"

Na san wadda za ta fi taimakon idonsa. Malamin makaranta ya faɗa, ni ma na gani. Amma na san in na ce turmi, zai kai shi gida ya jingine a lungu ba zai ƙara taɓa shi ba, ya yi asarar riga a banza. Na ce, "Doguwar, Malam." Ya yi murmushi, na farko tun Sha'aban. Malamin ya saka mana ita a akwatinta na katako, ya gargaɗe mu har sau uku kada a kuskura a kalli rana da ita, ido zai ƙone. Saboda wannan gargaɗi Malam ya kafa doka cewa ba a buɗe akwatin a kan soro sai rana ta faɗi. Hakan ya yi mashi daidai, don ba ya son maƙwabta su gani.

Kwanakin da suka biyo baya ya dawo da cin abinci. Rediyo na ta labarin sabuwar gwamnati, maza na ta gardamar jam'iyya a ƙofar gida, shi kuwa lissafin watan babbar salla kawai yake yi. Bayan magariba mu hau soro, in kafa ƙafafun, ya koya mani inda kowane tauraro yake, ni in nemo shi in murɗa ɗan maɓallin har ya fito tsaf. Yakan sa ido ya ce, "Kamar na ga wani abu." Na san bai gani ba. Ina jin tsoron ranar ashirin da tara kamar yadda ake tsoron ranar hisabi, amma ina ganin kwano na dawowa babu saura, sai in yi shiru.

A gindin bututun akwai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, a kansa ake ɗora ɗan gilashin da ake sa ido. Ranar ashirin da tara da hantsi, muna ɗaki ina goge kayan, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa na maɗinki. Ya tsaya a kan gwiwar nan. Ya ce, "Haske ba ya shan kwana. Mi ke juyo shi nan ciki?" Na cire ɗan gilashin na leƙa. Idona ne ya kalle ni. Ɗan madubi ne bai fi farcen babban yatsa ba.

Da na yi ƙarya a nan, da ta fi mani. Amma na gaya mashi gaskiya. Ya ce ashe kwana ashirin madubi yake kallo. Malamin makaranta kuwa ya riga ya bar gari. Sai ya yi ta laluben abin har ya kwance ɗan ƙusar da ke riƙe da gwiwar, ya zare ta, ya gwada ɗan gilashin a bakin bututun kai tsaye. Ya shiga daram. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu ba kowa tsakanina da shi." Ya ba ni gwiwar ya ce in jefa a ƙasan akwati.

Da yamma muka hau. Damina ta ɗauke, sama a wanke, babu ko ɗigon girgije. A jikin katangar soron akwai zane-zane da ya yi da ƙusa shekara da shekaru, inda rana ke faɗuwa a kowane lokaci na shekara. Ya bi su da yatsa ya tsaya a kan ɗaya. Jan faɗuwar rana yana iya ganinsa, ko da dishi-dishi. Ya miƙa hannu ya auna da yatsu daga kan katanga zuwa sama, ya karkata kaɗan hagu. Ya kwantar da kumatunsa a jikin bututun ya daidaita shi, ya ɗaure. Aka kira salla muka yi a nan kan soron, da sauri. Ya sake aunawa, ya sauke bakin bututun kaɗan.

Ya durƙusa ya sa ido. Ya murɗa, ya murɗa. Ya canza ido. Ya goge da bakin rawani ya sake sawa. Ina jin numfashinsa. Can ya zauna a ƙasa ya ce, "Ido ya tafi, 'yar Fulani. Shi ke nan, na sallama. Amma na rantse yana nan inda na sa bakin abin ga. Ko makaho ne ni, na san gidansa. Zo ki diba mani, maza, kafin shi faɗi."

Na durƙusa. Da farko ja-ja kawai nake gani. Na murɗa maɓallin, bututun na fitowa baya, har ya kusa ƙarewa. Sai ga shi. Siriri, fari, kusan a tsakiyar da'irar, ban ko motsa bututun ba.

Amma a kife yake. Duk jinjirin watan da na taɓa gani tun ina bin shanu, a zaune yake kamar ƙwaryar da aka tara, ƙahoninsa sama. Wannan ƙahoninsa ƙasa suke kallo, bayansa sama. A rugarmu ba a kife ƙwaryar tatsa da magariba sai an yi rashin mai gida, ko shanu sun ƙare. Na ga an kife ta uwata ranar da ubana ya rasu. Na ɗauka an nuna mani ne, ni kaɗai, abin da ke tafe. Na ɗauka in na furta shi da bakina ya tabbata.

Ya ce, "Kin gan shi?"

Na ce, "Tukuna."

Ya ce, "Diba da kyau. Kada ki taɓa bututun. Yana nan."

Ina kallonsa yana zamewa a hankali zuwa bakin da'irar. Hawaye ya cika mani ido. Na ce, "Malam, ban ga komai ba."

Ya ce in ɗaga kaɗan, na ɗaga. Ya ce in sauke, na sauke. Har duhu ya rufe. Bai yi faɗa ba. Ya ce wataƙila watan talatin zai yi.

Ba mu gama saukowa ba muka ji hayaniya daga wajen ganuwa, ana cewa wata ya tsaya. Mutum uku sun gan shi da ido, cikinsu har da mahaucin nan. Malam yana kan matakala ta ƙarshe. Ya dafa bango ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Ido na san ya tafi, ban yi kuka ba. Ashe har sanin ya bi shi. Shekara talatin, ga ki da idon da ya fi na kowa, ga gilashi, na nuna maki wurin da ba shi ba."

Ya Allah, a nan ya kamata in faɗi a gabansa in gaya mashi. Na buɗe baki, na tuna ƙwaryar uwata, na rufe.

Bai ƙara hawa soro ba. Kwanon ya koma dawowa a cike. Ragon layya ƙanensa ne ya yanka mashi. Sau nawa na zauna a bakin gadonsa da maganar a kan harshena, sai in ga yadda ya rame, in ce to ga shi abin da na gani yana tahowa, in na faɗa na gaggauta shi. Na yi sadaka, na karɓo rubutu, na yi azumin nafila, duk don a juya ƙwaryar nan ta zauna daidai. Ya rasu da bazara, ranar wata Laraba da hantsi, kansa a cinyata. Har a lokacin ina cewa a raina, ai dama an nuna mani.

Ina cikin takaba, ba fita, gidan ya yi mani faɗi. Wata safiya na ɗauko akwatin na hau soro. Dokar rana ta tafi da mai ita, kuma na juya bayana ga gabas. Ba wani abu nake nema ba, so nake in sa idona inda ya sa nasa. Bakin bututun ya sauka a kan hanyar da ke fita ƙofar gari. Na murɗa.

Na ga jakuna uku da kayan itace suna tafiya ƙafafunsu a sama. Mai korarsu ma kansa ƙasa, rawaninsa bai faɗi ba. Na ɗago na duba da idona, ga su can suna tafiya daidai kamar kowane jaki. Na sake sa ido, a kife. Na juya ga dabinon maƙwabta, gindinsa sama. Na juya da sauri na zazzage akwatin na ɗauko 'yar gwiwar nan na mayar. Jakunan suka miƙe tsaye.

Haka abin yake, duk bututun da aka cire wa gwiwa kife komai yake yi. Babu wata alama da aka nuna mani. Wata ne na Allah, zaune daidai, a wurin da makaho ya auna da yatsu huɗu ya ɗaure bututu a kansa. Ihun da na yi sai da matan maƙwabta suka hauro katanga, suka ɗauka aljanu ne suka buge ni.

Da na fita takaba na je gidan liman, na zauna a bayan labule na gaya mashi duka. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai hanyar da zai ji? In na je kabarinsa na faɗa, zai ji?" Na ji yana share hanci. Ya ce in yi istigfari in yi mashi addu'a, ranar da za a tashe mu babu abin da zai ɓoyu, zai san bai kuskure ba. Ya ce shi kuma zai faɗa a masallaci bayan sallar magariba, ya kuwa faɗa, an ce mahaucin ya fita bai ɗaga kai ba.

Unguwa duka ta ji, sai shi kaɗai da nake so ya ji. Na ce wa liman tashin ƙiyama ya yi mani nisa. Ya ce in yi haƙuri. Shekara arba'in da wani abu ke nan ina yin haƙurin, kuma har yau bai yi mani sauƙi ba.